Na je sayen motar alfarma, an tambaye ni ina babana: wariya ce ko ƙa'ida?

Tambayar ta fito daga wani matashi mai shekara 27. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta, Allah ya buɗa masa, ya tara kuɗinsa ya nufi wurin dilan wata babbar mota da ya daɗe yana buri. Ya shiga ya yi ta zagaya motoci, ba wanda ya ce masa ci kanka. Da ya gaji ya yi magana da kansa, ya nemi a ba shi ya ɗana motar, aka ce ba a bayarwa, wani ma ya tambaye shi ko mahaifinsa na tafe. Yana nan tsaye wani dattijo ya shigo, aka tarbe shi tun daga ƙofa, ba a jima ba aka miƙa masa makulli. Shi ne matashin ya tambaye ni: "Yaya, wannan wariya ce ko haka tsarin yake? Doka ta yarda da shi? In koma in nuna musu ina da kuɗin, ko in rabu da su?"

Ƙanena, raini aka yi maka, kada wani ya lallashe ka da cewa zargi ne kawai ya shige ka. Na daɗe a harkar sayar da manyan motoci, na sayar da hannuna, daga baya na shugabanci masu sayarwa, don haka irin wannan tarbar na san ta ciki da bai. Sai dai abubuwan da suka same ka a ranar ba nauyinsu ɗaya ba. Shariyar da aka yi maka da tambayar babanka ba su da wata hujja. Hana ka ɗani kuwa yana iya zama da dalili, yana iya zama babu, kuma akwai yadda ake ganewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarshen tambayarka, wato komawa ka nuna musu. A nan ne ake cin kuɗin matasa.

Bari in fara da abin da ke cikin kan mutumin da ya share ka. Mafi yawan masu sayarwa a irin waɗannan wurare kamasho ke riƙe da su, albashin ɗan kaɗan ne. Kamashon kuma yawanci daga ribar da aka ci a kan motar ake yanka shi, sai ƙarin tukuici idan mutum ya cika adadin da aka ɗora masa a wata. Wurare da yawa suna da tsarin layi: duk wanda ya shigo ba tare da alƙawari ba, mai sayarwar da layi ya zo kansa ne zai karɓe shi, in ya gama ya koma ƙarshe. To wurin sayar da motocin alfarma ba a cunkoso, mutum nawa ne ke shigowa a wuni? Idan layinka ya faɗa kan ɗan kallo, wataƙila ka tashi aiki ranar ba ka sake samun kowa ba, kana ji kana gani abokin aikinka ya kama wanda ya zo da niyyar saye. Tsoron mai sayarwa ke nan, layinsa yake karewa. Bayani na yi maka fa, ban ba shi uzuri ba.

Na sha tsayawa bayan gilashi ina kallon yadda abin ke faruwa. Matashi zai ajiye ƙaramar motarsa, tun bai kashe ta ba idanu sun gama auna shi: motar da ya zo da ita, takalminsa, agogonsa, shi kaɗai ne ko da abokai biyu masu waya a hannu. Wanda layi ya zo kansa sai ka ga ya ɗauki wayar tebur ya kara a kunne, alhali ba wanda ya kira. Ko ya zunguri sabon ma'aikaci ya ce, "Je ka ji da wancan." In ka tsare shi daga baya ka tambayi dalili, amsar guda ce, wai ido ba mudu ba ya san kima.

Masana tattalin arziki sun daɗe da raba wariya gida biyu. Gary Becker a 1957 ya yi bayanin wadda ke fitowa daga ƙi zalla, mutum ya gwammace ya yi asara da ya yi hulɗa da wasu irin mutane. Edmund Phelps a 1972 da Kenneth Arrow a 1973 suka kawo ta biyu, wadda ba ta buƙatar ƙiyayya ko kaɗan: mutum bai san ka ba, ba ya son wahalar sanin ka, sai ya ɗauki abin da ya sani game da ire-irenku ya lafta maka. Yawancin masu shekara 27 ba su da kuɗin wannan motar, wannan gaskiya ne. To kai ma ba ka da shi, shari'a ta ƙare. Abin da ke samun matasa a wuraren nan kusan duk na biyun ne, da ɗan yayyafin hassada jefi-jefi, don ba kowane mai shekara 50 da ke sayar da motar da ta fi ƙarfinsa ba ne zuciyarsa ke iya ɗaukar ganin sa'an ɗansa ya zo saye.

Aibin wannan lissafi shi ne ba ya taɓa gyara kansa. Wanda ya share ka bai ga lokacin da ka je wani wuri ka saya ba. Abin da ya gani shi ne yaro ya shigo, ya zaga, ya fita hannu rabbana, sai ya ƙara gaskata idonsa. Kamfanonin mota suna aika wa waɗanda suka saya takardar jin ra'ayi, makin da dila ya samu kuma yakan shafi abin da kamfani ke ba shi, shi ya sa za ka ga ana rawar jiki da wanda ya riga ya biya. Wanda aka kora da kallo kuwa ba ya cikin rajistar kowa, ba a aika masa komai, asararsa ba ta fitowa a littafin ciniki. Manajojin da suka san aikinsu suna maganin wannan tun daga ƙofa: duk wanda ya shigo a rubuta shi, a gaishe shi cikin ɗan lokaci, a kuma riƙa turo masu saye na ɓoye suna gwada ma'aikata. Inda ka ga an bar baƙo yana gararamba tsakanin motoci, laifin manaja ya fi na mai sayarwa.

Lissafin kuma ya tsufa. Rolls-Royce da kansa ya bayyana cewa matsakaicin shekarun masu sayen motarsa ya sauko daga 56 a wajen 2010 zuwa kusan 43 a farkon shekarun 2020. Da gangan suka yi, sun fito da samfurin Black Badge a 2016 da Cullinan a 2018 don jawo waɗanda ke son tuƙa motar da kansu maimakon zama a baya. Lamborghini ya fito da Urus a ƙarshen 2017, a 2023 kuma ya sayar da mota sama da 10,000 a shekara ɗaya karon farko a tarihinsa. Shugaban Ferrari, Benedetto Vigna, ya faɗa a 2025 cewa kashi 40 cikin 100 na sababbin masu sayen motarsu ba su kai shekara 40 ba. Kuɗin fasaha, wasanni, nishaɗi, cinikin intanet da gado suna zuwa hannun mutane da wuri, kuma masu irin wannan kuɗin ba lallai su yi shigar da mai sayarwa ya saba gani ba. Hedikwata na kashe maƙudan kuɗi don jawo matasa, na bakin ƙofa yana korar su.

Yanzu maganar ɗani, wadda ita ce ke buƙatar adalci. Motar gwaji tana ƙarƙashin inshorar dila, kamfanonin inshora kuma sukan gindaya sharuɗɗa: kada wanda bai kai shekara kaza ba ya tuƙa, wani wuri 21, wani wuri 25, kuma sai lasinsa ya yi wasu shekaru. Ba su yi haka don ƙeta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora ta nuna cewa direbobi masu shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ke kisa kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20, idan aka auna da nisan tafiya. Ka ɗora wannan a kan mota mai ƙarfin doki 600, za ka gane me ya sa mai inshora ke ɗar-ɗar. Ban da haka, ba duk motar da ka gani a zaure ce ta gwaji ba. Wata an riga an sayar, mai ita ake jira. Wata kuma irin wadda kowace kilomita da ta hau kanta tana rage mata daraja ce. Ga kuma 'yan hoto, waɗanda suka zame wa dilolin zamani ciwon kai: a zo a zauna a kujerar direba, a ɗauki bidiyo, a karce fatar kujera da maɓallin wando, a tafi. Saboda haka idan aka nemi lasinka, ko takardar banki, ko kafin alƙalami kafin a ba ka makullin wata irin mota, ba zagi ba ne, muddin kowa ake nema wa.

Muddin kowa ake nema wa. Ma'aunin ke nan, kuma tambaya ɗaya ke fito da shi: "Mene ne sharaɗin ɗana mota a nan, a rubuce yake?" Idan ƙa'ida ce, amsar za ta fito nan take kuma da ƙafafunta: shekara kaza, lasin mai shekara kaza, ga fom ka cika, ga ranar da motar gwaji take nan. Idan fuska aka duba, sai ka ji kame-kame, "ba ma bayarwa", "sai manaja ya dawo", "ka fara kawo kuɗi tukuna". Dattijon da ka gani, ta yiwu tsohon kwastoma ne da ya yi alƙawari tun mako guda, takardunsa suna cikin fayil, wannan zan iya yarda. Amma kai mai shekara 27 ka wuce iyakar da yawancin masu inshora ke sawa, kuma ko da akwai wani sharaɗin, haƙƙinka ne a gaya maka shi da yadda za ka cika shi. Wanda ya ce "ba a bayarwa" ya juya baya ƙofa ya rufe maka.

Akwai wata wariyar da ba a fuska take ba, a tsari take, gara ka san ta don kada ka ɗauke ta a matsayin cin mutunci. Motocin da ake ƙera ƙalilan ba a sayar wa duk mai kuɗi. Lokacin da Ferrari ya fito da LaFerrari a 2013, guda 499 aka tsara, kamfanin ne kuma ya zaɓi waɗanda za su saya daga cikin tsofaffin kwastomominsa. Ford ya sa mutane cika takardar neman izinin sayen motarsa samfurin GT a 2016, da sharaɗin ba za a sayar ba sai bayan wata 24, har ya kai ɗan kokawa John Cena kotu a 2017 saboda ya sayar da tasa da wuri, daga baya suka sasanta. Inda tarihin saye ne ke ba da matsayi, matashi a baya yake ko da asusunsa ya fi na kowa, don bai yi shekarun tara tarihin ba. Wannan bai shafe ka ba idan motar da kake so irin wadda ake ƙerawa da dubbai ce. Wasu diloli dai suna aron wannan shan ƙamshin su shafa wa motar da ke jibge a bayan gida tana jiran mai saye.

Doka kuwa, amsar ba za ta yi maka daɗi sosai ba, ta kuma danganta da ƙasar da kake. A Amurka, dokar 1967 da ta hana wariyar shekaru ta shafi aiki ne kawai, kuma masu shekara 40 zuwa sama take karewa. Dokar tarayya ta 1964 da ta hana wariya a wuraren hulɗar jama'a ta ambaci launi, addini da asali, ba ta ambaci shekaru ba, sai dai wasu jihohi da suka faɗaɗa nasu. Inda matashi ke da kariya a can shi ne wajen rance: dokar daidaito a ba da bashi ta 1974, wadda aka ƙara wa shekaru a 1976, ta hana a ƙi ba ka rance ko a tsananta maka don shekarunka, muddin ka isa ƙulla yarjejeniya. Birtaniya ta fi nisa. Dokar daidaito ta 2010, tun daga 1 ga Oktoba 2012, ta hana mai sayar da kaya ko hidima nuna wa wanda ya kai 18 bambanci saboda shekaru, sai dai in ya iya nuna dalili mai ƙarfi da ya dace da matakin, an kuma sassauta wa harkokin kuɗi irin su inshora. Ostareliya tana da irin wannan doka tun 2004. Ƙasashe da yawa kuma ba su da komai a kan wannan, sai dokar kare mai saye ta gama-gari. Ko inda dokar take, hujja ce wahala. Yaya za ka tabbatar wa alƙali cewa kallon hadarin kaji aka yi maka? Maganar babanka ce kawai abin kamawa, ita ma sai da shaida. A ganina, ɓata lokaci ne mutum ya nufi kotu a kan wannan, alhali yana riƙe da abin da ya fi ƙara ciwo, wato cinikin kansa.

To mu dawo kan komawa ka nuna musu.

A 2014 wasu masu bincike biyu, Morgan Ward da Darren Dahl, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan shagunan kayan alfarma. Sun gano cewa mutumin da ke burin shiga sahun masu irin wannan kayan, idan ma'aikaci ya yi masa shan ƙamshi, son kayan ƙaruwa yake yi a ransa, har ya yarda ya biya fiye. Sun kuma gano cewa abin ba ya daɗewa, bayan ɗan lokaci sha'awar takan dusashe. Tsofaffin 'yan kamasho ba su karanta wannan ba, amma sun san shi a aikace. Matashin da aka taɓa wa zuciya ya dawo da kuɗi, shi ne kwastoma mafi riba a wata.

Ga yadda ake yi. Ka dawo, yanzu kowa na murmushi, an san da gaske kake. A shigar da kai ƙaramin ofis a turo ƙofa. Mai kula da rance ya duba takardunka, ya ɗago kai a hankali ya ce, "Wannan samfurin fa ya ɗan yi nauyi, ko mu duba ƙaramin?" Nan take jininka ya hau. Ka ce babban kake so, a saka masa komai. Tayawa ma ka ji kunyarta, kada a ce kuɗinka bai kai ba. A shiga lissafo maka ƙarin garanti, maganin kare fenti, inshorar taya, na'urar bin sawu, kana cewa a zuba. Sai a tambaye ka, "Nawa kake so ka riƙa biya a wata?" Ka faɗi adadi, a ja shekarun rancen har ya dace da adadin, jimillar da za ka biya kuwa ba wanda ya ɗaga murya ya faɗe ta. Ka fito kana jin ka rama, su kuma suna tafawa a baya. Dattijon da aka tarba da fara'a, shi zai zauna ya miƙe ƙafa ya yi ta taya har ya tatse ribar, ya ƙi duk wani ƙari, ko a jikinsa, don ba shi da abin da yake son tabbatar wa kowa.

Cewa farashi na bin fuska ba zato ba ne, an auna shi. Ian Ayres da Peter Siegelman sun tura masu saye na gwaji wuraren dilolin mota a yankin Chicago, ziyara sama da 300, duk da salon taya iri ɗaya da aka koya musu. Sakamakon da suka wallafa a 1995 ya nuna cewa farashin ƙarshe da aka ba maza baƙaƙen fata ya ɗara na maza farare da sama da dala 1,000. Launi da jinsi suka auna, amma injin ɗaya ne: mai sayarwa yana kintatar wanda ya san kasuwa da wanda za a iya matsa, ya yanka farashi daidai da kintacensa. Haka abin yake a rance. A wurare da yawa banki na ba dila kuɗin ruwa kaza, dila ya ɗora nasa a kai kafin ya gaya maka, bambancin ya shiga aljihunsa. A 2013 hukumomin Amurka sun sa bankin Ally biyan dala miliyan 98, diyya da tara, saboda wannan ƙarin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da wasu tsirarun al'ummomi. Matashi mai gajeren tarihin bashi, wanda bai taɓa sayen sabuwar mota ba, ga kuma zuciya a wuya, ka ga ai nama ya samu.

Saboda haka shawarata, kada ka koma da fushi, kuma kada ka sake shiga irin wannan wurin kai tsaye daga titi. Fara da waya ko imel. Wannan kaɗai yana rushe layi da ma'aunin ido gaba ɗaya, don a waya ba a ganin takalmi. Faɗi samfurin da kake so, injinsa, launinsa, lokacin da kake son karɓa da yadda za ka biya. Mai sayarwa na jin haka ya san ba ɗan kallo ba ne. Nemi alƙawari da mutum ɗaya mai suna, ka tambayi sharaɗin ɗani tun a wayar, ka ce a tanadi motar. Idan rance za ka ci, je bankinka tukuna ka karɓo amincewa a rubuce, don ka san kuɗin ruwan da ka cancanta kafin wani ya gaya maka nasa. Nemi farashi a rubuce daga dila biyu ko uku, jimillar abin da za ka biya har motar ta fita ƙofa, da haraji da rajista da komai, a kan wannan adadin za ka yi taya. Kafin ka ajiye kafin alƙalami, tambayi kuɗin inshorar motar a shekarunka, don a nan ne matasa da yawa ke shan mamaki, ka kuma sa a rubuta maka sharaɗin mayar da kuɗin idan ciniki bai faɗa ba. In ka zo da tsabar kuɗi masu yawa aka shiga tambayar asalinsu, kada ka ɗauka raini ne: a Amurka dole dila ya kai rahoton tsabar da ta haura dala 10,000, Birtaniya ma tana da tata ƙa'idar a kan tsabar kuɗi masu yawa, don daƙile safarar kuɗin haram.

Kada ka ari shigar da ba taka ba, kada kuma ka ɗauki Baba ya raka ka don a girmama ka. In ka yi haka, da shi za a yi ciniki kana gefe kana kallo. Ƙannena mata sun fi kowa sanin wannan, su da ake tambaya ina maigida, ko a riƙa amsa wa namijin da ya rako su tambayar da su suka yi. In kana son abokin shawara, ɗauki wanda ya san mota da rance, ku yi yarjejeniya tun a hanya cewa kai ne mai magana.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sabon ma'aikacin nan da ake turo wa matasa, sau da yawa shi ne mafi alheri gare ka. Yana da yunwar ciniki, ba shi da tsofaffin kwastomomin da za su ɗauke masa hankali, yakan kuma san na'urorin sabuwar mota fiye da manyansa. In ya yi maka adalci, riƙe shi. Shekara goma nan gaba shi ne manaja, kai kuma kana da tarihin saye a hannunsa.

Game da wurin da aka raina ka, rubuta ƙorafi, amma gajere. Kwanan wata, lokaci, abin da ka nema, abin da aka ce maka kalma da kalma, da abin da ka gani an yi wa wanda ya zo bayanka. Aika wa babban manajan wurin, ka aika kwafi ofishin kula da kwastomomi na kamfanin motar, don dila da izinin kamfani yake aiki, kuma takarda daga sama ta fi ihu a zaure tasiri. Ba na ba ka shawarar ɗora hoton ma'aikaci ko sunansa a intanet. Abin da yakan biyo baya shi ne a sallami ƙaramin, manajan da ya bar ɗabi'ar ta yi saiwa ya ci gaba da zamansa, kai kuma ka jawo wa kanka rigimar ɓata suna. Idan suka kira suka ba da haƙuri da gaske, suka haɗa ka da wani mutum, suka ba da farashin da ya doke na sauran, ba laifi ka saya a wurinsu. Sharaɗin dai farashin ne zai mayar da kai, a rubuce, bayan ka kwana a kansa.

Kasuwar ma tana sauyawa ta inda zai rage wannan wasan. Tesla ta daɗe tana sayarwa kai tsaye da farashi guda ga kowa, ta intanet. Mercedes-Benz ya koma tsarin wakilci a Birtaniya daga Janairun 2023, inda kamfani ne ke yanka farashi, dila kuma a biya shi ladan miƙa mota. A irin wannan tsari ba a iya ƙara maka kuɗin mota don an ga ƙuruciyarka, ko da yake tarba a ƙofa da kayan ƙari a ƙaramin ofis suna nan a hannun mutane.

Wata fargaba da nakan ji daga matasa ita ce, in suka saya a nesa, dilan kusa zai ƙi duba musu motar. Garantin sabuwar mota na kamfani ne, kowane dila mai izini a yankin da garantin ya shafa yana karɓar ta. Sashen gyara kuma daban yake da sashen sayarwa, da nasa manajan da nasa lissafin, kuma a wurare da yawa ribarsa ta fi ta sayar da sababbin motoci, don haka ba ya korar aiki. Karanta takardar garantin ka ga iyakar ƙasashen da ta shafa kafin ka sa hannu, musamman in daga wata ƙasa za a kawo maka motar.